Don Allah ku ban shawara kan littafin yara da nake zanawa

Maman Ilham: Salamu alaikum ƴan uwa. Ni malamar firamare ce a Jos, a nan aka haife ni, rikicin Nuwamba 2008 da ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa shi ya tashe mu daga unguwarmu muka dawo wajen Bauchi Road, maƙwabciyarmu Kirista da muke kai ma tuwon sallah ita kuma ta aiko mana shinkafar kirsimeti har yau ban sake sa ta a ido ba. To yanzu ina zana littafi mai hotuna na ƴan aji uku, labarin yara biyu abokai da rikici ya raba. Na zo shafin da gidaje ke ci da wuta na kasa ci gaba. In zana wutar ne ko hayaƙi kawai daga nesa? Abin ya hana ni barci.

Malam Sabo: Malama ki mai da su dabbobi, haka kakanninmu suka yi da Gizo da Ƙoƙi. Kura da awaki, shikenan. Ba a nuna ma yaro wuta.

Hajiya Talatu: Malam to waye kurar? A garin nan ɗan shekara bakwai ma zai ce maka mutanen wancan ɓangaren ne. Yaran da kullum suke wuce shingen sojoji in za su makaranta me za a ɓoye musu

Abban Khalil: Hmm. Shagon babanmu na cikin kasuwar Terminus da ta ƙone a 2002, atamfofi ne cike har sama, har Allah ya karɓi ransa bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Wannan wa zai zana?

Maman Ilham: Allah ya jiƙan baba. Malam ni gaskiya ba zan yi dabbobi ba, na riga na zana yarinyar da hijabinta, yaron da rigar coci, so nake ɗalibaina su ga fuskar mutum.

Malam Sabo: Ki ji maganata malama, na daɗe a harkar koyarwa. Ranar da yaro ya kai littafin nan gida washegari iyaye za su cika ofis ɗin hedimasta. Ki cire hijabin, ki cire sunan gari, ki sa sarki ya sasanta su a ƙarshe.

Maman Ilham: Mu ai ba wanda ya sasanta mu Malam, tashi muka yi kowa ya kama gabansa. Ba zan yi ma yara ƙarya ba.

Hajiya Talatu: Wai ma nawa ne kuɗin bugun mai kala yanzu? Takarda ta yi tsada fa