Yaron da ba ya yarda a wanke masa baki: ku yaya kuke yi?

Wata uwa, Garwa: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa bakwai, yana da galahanga, ba ya magana. Da ya ga buroshi sai ya datse baki, ya yi ta ihu har maƙwabta su leƙo. Kwanan nan ya daina tauna ta gefen dama, da dare kuma yana dukan kuncinsa. Don Allah masu irin yaron nan, ku taimaka min.

Wani uba, Ngaundere: Wa alaikumus salam Hajiya. Dukan kuncin nan ciwo ne yake gaya miki. Ki haska can ƙuryar bakin da fitilar waya. Wajen shekara 6 turamen dindindin ke fitowa a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba, sai iyaye su ɗauka na yarinta ne, su bar su su ruɓe.

Wata uwa, Marwa: Yaya, kada ki tunkare shi ta gaba. Ni a tabarma nake miƙe ƙafa, in kwantar da kan ɗiyata a cinyata, ina ganin bakin daga sama. Da tsumma mai tsabta a yatsa na fara, ba makilin, haƙora biyu kawai, in ƙyale ta. Daga baya aswakin da na jiƙa ya yi laushi, sannan ƙaramin buroshi. Ashe yajin makilin da kumfarsa ne ba ta so. Na samo na yara marar yaji, ina ɗan shafa kaɗan, tunda ba ta iya tofarwa sai in goge da tsumma. Kullum bayan Isha, wuri ɗaya. Ranar da ta ƙi, ba na kokawa da ita, kokawar ce ke ɓata na gobe.

Af, mu nan mutanen Meri da gefen kogin Mayo Tsanaga a arewacin Kamaru, jan haƙorin yaranmu yawanci daga sinadarin fuloraid ne da ya yi yawa a ruwan rijiya. Ba ruɓewa ba ne, kada a kankare.

Wata kaka, Kusiri: Jikata farfaɗiya gare ta. Maganin farfaɗiyar da take sha, fenitoyin, ya kumbura mata dasashi har ya fara rufe haƙora, ana taɓawa sai jini. Kada wanda ya tsayar da magani da kansa, likita muka koma ya duba. Kuma maganin ruwa na yara akwai sukari a yawancinsu, a bi shi da ruwa, musamman na dare.

Uban Ngaundere: Ni ma da na kai ɗana wani asibiti sun sallame mu, wai yaron ba ya zama. A na biyu na roƙi a sa mu farkon layi da sassafe. Zuwan farko kujerar kawai ya hau, ya taɓa madubin likita, muka dawo gida. Ki tafi da kwalayen magungunansa duka.

Uwar Garwa: Allah ya saka da alheri. Na haska yana barci, akwai baƙin rami a na ƙarshe ta dama. Litinin za mu je in sha Allah. Kafin nan in sa masa kanumfari, ko in bari likita ya gani tukuna?