Yatsuna sun tsattsage tun da na kama aikin jel, ko akwai wadda ta taɓa ganin irin haka?

Rabi Mai Akaifa:

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nike nema, musamman wajen masu aikin salon irina. Ina aiki cikin wani salon nan unguwar Zariya a Maradi, shekarata ukku kenan, da farko kitso da lalle nike yi daga baya madam ta koya min sa akaifa, kapsil (akaifar roba da ake liƙawa) da jel (wanda ake shafa wa akaifa a busar cikin fitila) da rezin (gari da ruwa da ake haɗawa a gina akaifa) duka. Shekara biyu ba abin da ya same ni wallahi. Sai bayan sallar layya da ta wuce, lokacin da bukukuwa sunka yi yawa muna yin amare da ƙawayensu har sha ɗaya na dare, na fara jin ƙaiƙayi bakin yatsu ukku na hannun hagu, babban yatsa da manuni da na tsakiya. Na ɗauka omo ne na bar wanki, bai daina ba.

Yanzu fatar wurin ta bushe ta yi kanta kamar hannun mai sussuka, tana ɓarewa, kuma ta tsage daidai inda ake danna waya har portabul ɗina ya bar gane yatsana. In zan yi kitso gashi shiga yake cikin tsagar kamar reza, sai na naɗe da salatif sannan in iya kama kai guda. Tonka ko lemun tsami kuwa in sun taɓa wurin sai na yi hawaye. Na shafa man kaɗe, na shafa bazalin, na sayi wani man tib wajen masu yawo da magani a kai, shi ya kan lafa min kwana ukku ya dawo fiye da da.

Abin da ya ɗaure min kai, watan jiya na tahi Madarunfa bikin ɗiyar kawuna na yi kwana goma sha biyu, hannuna ya kusa warkewa tas, na dawo aiki ran litinin, ran laraba ƙaiƙayi ya dawo har da fatar idona ta kumbura ta yi ja. Inna ta ce bakin mutane ne tunda an ga ina samu, madam ta ce hunturu ne ke tahowa in ƙara shafa mai. Ni kuma zuciyata na ba ni kayan aikin ne, amma in su ne mi ya sa shekara biyu ba su yi min komi ba, kuma mu huɗu ne a salon ni kaɗai ke fama? Da aikin ga nike biyan lakkol ɗin ƙannena biyu, shi ya sa ko barci ban iya yi.

Maman Nasiru:

Wa alaikumus salam, sannu ƙanwata Allah ya ba ki lahiya. Ki duba baƙin lallen nan dayis tukun, ni shi ya taɓa yi min haka lokacin sunan ɗana na biyu, zanen ya tashi ya yi ƙuraje masu ruwa, har yau in kin duba bayan hannuna za ki ga shatin fulawar. In kina zana shi ba safar hannu to shi ne. Kuma addu'a ba ta hana magani, ki riƙe ta Inna ki haɗa da likita.

Tanti Salon:

Rabi ɗiyata, ina karanta saƙonki ina kallon nawa hannun. Ba baki ba ne, ba hunturu ba ne, jel ne. Ni a Kotonu na koyi aikin ga, na yi shi shekara bakwai kahin ya kama ni, kuma da yatsu ukkun nan ya fara, na hannun da kike riƙe yatsan kliyan da shi. Bari in tambaye ki ki ba ni amsa tsakaninki da Allah: in jel ya zubo gefen akaifar kliyan da mi kike share shi? Na san amsar, da bakin babban yatsanki, don duk haka muke yi in aiki ya yi yawa, ƙyat ɗaya kin share kin goga a zane kin ci gaba. Sannan audugar da kike goge danƙon saman jel bayan ya fito daga fitila, da yatsu ukkun nan kike riƙe ta, ta jiƙe da alkol da ɗanyen jel tana zaune kan fatarki tun safe har dare. Ga wuyan kwalba duk danƙo, ga hannun burushi. Idon kuma ke kika kai mashi, kin yi zufa kin sa bayan yatsa kin murza, ko ƙurar da ke tashi in kina goge tsohon jel ta sauka wurin.

Wani abu da ba mu kula da shi nan Maradi shi ne fitila. Fitilun da muke saye masu arha ana amfani da su har su gaji ba a canja ba, ga wuta a ɗauke a kawo, wani lokaci ana tsakar busarwa ta tahi sai a jona da ɗan batirin sola. Saman jel ya yi ƙarfi ya yi ƙyalli ki ce ya bushe, cikinsa ɗanye ne. Ran da kliyan ta dawo cirewa ke za ki goge shi ki sha ƙurar. Jel ɗin wani kamfani, fitilar wani kamfani, ba wanda ya san ko sun dace da juna. Kayan ma rabinsu daga Kano ake kawo muna su ta Jibiya da Ɗan Isa, wasu an ɗuɗɗura cikin ƙananan kwalabe ba ko rubutu a jiki, mai shago ya ce miki orijinal ne ki biya ki tahi.

Ni abin da ya faru da ni, na yi taurin kai shekara guda ina shafa tib ina aiki don kuɗɗi na shigowa, har akaifuna biyu sunka ɗaga daga nama, bakin yatsun ya riƙa yi min zir-zir kamar wuta ta ja ni. Yau shekara biyar ban taɓa jel da hannuna ba, yara ke yi ni ina kan kitso da ƙunshi da lissahi, amma ko ranar nan na ɗauki wata kwalba da ta faɗi ba tunani, kwana biyu yatsan ya tashi. Ban faɗa miki don in tsorata ki ba, so nike ki tsaya tun abin bai kai nawa ba.

Malam Sani 227:

Ni dai tambayata, mi ya kai ɗiyar musulmi liƙa akaifar roba da ruwan alwala ba ya ratsawa? Da an tsaya ga lalle na gargajiya da duk haka ba ta taso ba.

Tanti Salon:

Malam Sani, yarinya ta zo da ciwon hannu ne. Matan da ke zuwa wajenmu sun san lokacin da suke sawa da lokacin da suke cirewa, kuma ba musulmi kaɗai ke garin ga ba. A bar wannan zuwa wani zauren.

Majo Hadiza:

Sannu Rabi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban ga hannunki ba don haka ba zan yanke miki hukunci ta waya ba, amma yadda kika ba da labarin, warkewa in kin bar aiki da dawowa bayan kwana biyu, ya yi kama sosai da abin da Tanti ta faɗa. Alerji ne na taɓawa, kuma irinsa ba nan take yake fitowa ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa ukku, shi ya sa mutane ba su haɗa shi da abin da sunka taɓa.

Tambayarki ta shekara biyu ita ce kowa ke yi. Cikin jel da ruwan rezin akwai sinadarai da ake kira akirilat, wanda ya fi suna shi ne HEMA, in kwalbarku na da rubutu ki juya bayanta mai yiwuwa ki gan shi. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, muddin yana ɗanye yana ratsa fata, in ya bushe sosai cikin fitila ya daskare sai haɗarin ya ragu. Jiki yana ta haɗuwa da shi kullum kullum, wata da watanni ko shekaru, har ranar da garkuwar jiki za ta riƙe shi a matsayin abokin gaba. Daga ranar nan ko ɗigo ya isa, kuma maganar da ba daɗi ita ce ba ya mantawa, ana warkar da fatar amma alerjin yana nan. Abokan aikinki ukku ba wai sun tsira ba ne, kowa da lokacin da jikinsa ke ɗauka, wata ma har ta bar aiki bai kama ta ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2018 ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi a kan jel da rezin, bayan sun ga kashi 2.4 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa gwajin alerji a asibitocinsu suna da na irin sinadaran nan. Tarayyar Turai kuma tun 2021 ta ce kayan akaifa masu HEMA na ƙwararru ne kaɗai, a rubuta gargaɗi a jikin kwalba. Can kenan inda ake duba kaya kahin su shiga kasuwa.

Maganar safar hannu, kar ki sayi fara ta latas irin wadda muke sawa a likita ki ce kin tsira, ita da ta leda sinadarin na ratsa su cikin 'yan mintoci, sai ya zamo kin kulle shi da zufa a kan fatarki. Ta nitiril ake so, yawanci shuɗiya ce ko baƙa amma ki karanta kwalin kar ki bi kala, ita ma jinkirtawa take ba hanawa ɗungum ba, don haka kowace kliyan sabuwa, in jel ko disolban (ruwan da ake cire jel da shi) ya zuba kanta ki cire nan take. Na san kuɗɗi ne, sai ku sa shi cikin farashin aiki. Gam ɗin liƙa kapsil shi ma danginsu ne, ɗan uwan sufa gulu ne, yana iya yin nasa. Dayis ɗin da Maman Nasiru ta ambata gaskiya ne yana ƙona mutane, amma nasa sinadarin daban ne, PPD ake ce mashi, irin na rinin gashi, mutum na iya samun ɗaya ko duka biyun.

Tib ɗin nan don Allah ki aje shi. Yawancinsu kortizon mai ƙarfi ne a ciki, irin wanda masu shafe-shafe ke zubawa cikin mai, yana kwantar da ƙaiƙayi amma in an daɗe yana sirantar da fata, kuma ko kusa kar ya je fatar ido. Ki je a duba ki, ko babbar likita ko likitar Danja tunda sun saba da ciwon fata, ki tahi da kwalaben da kike aiki da su. In an samu yin gwaji, wasu 'yan faci ake liƙa miki a baya su yi awa 48 a cire, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu.

Abu guda da nike so ki riƙe ko kin bar salon: dangin sinadaran nan ana amfani da su wajen farin cikon haƙori da haƙoran roba, da simintin da ake kafa ƙarfen ƙugu ko gwiwa da shi. Duk ranar da kika je wajen likitan haƙori ko za a yi miki aikin ƙashi ki faɗa masu tun kahin su fara. In kuma kin fara jin atishawa ko ƙirji na kama ki cikin salon, wannan ba na jira ba ne.

Rabi Mai Akaifa:

Na gode ƙwarai Tanti, na gode Anti Hadiza, Allah ya saka da alheri. Tanti wallahi kamar kina tsaye bayana, da babban yatsa nike sharewa, har wani ɗan wuri gare ni a gefen zane da ya yi tauri saboda gogawa. Na juya kwalabenmu jiya, cikin tara huɗu ne kaɗai ke da rubutu, ukku na ga HEMA ɗin nan ƙarara.

Na je an duba ni ran alhamis, an ba ni wani mai na sati biyu an ce in nisanci jel gaba ɗaya tukun. Madam ba ta ji daɗi ba don ni ce mai saurin hannu, ta ce to wa zai yi amaren asabar, sai da na buɗe salatif na nuna mata tsagar sannan ta yi shiru ta ce in koma kan jan lalle da wankin kai. Samu ya ragu ba kaɗan ba, jiya jika ɗaya da rabi na tashi da shi, amma idona ya sabe kuma yau na iya tsinke zogale ba hawaye. Inna har yanzu tana kan bakanta, ta kawo min rubutu na sha.

Ƙaramar cikinmu a salon da ta karɓi wurina shekararta sha bakwai, na ga ita ma da yatsa take sharewa na hana ta, ta yi min dariya. Ita nike son in samar wa safar nan ta nitiril, na zaga farmasi biyu duk manya gare su suna zamewa a hannunta. In akwai mai zuwa Kano satin ga cikinku don Allah ta yi min magana, ƙaramin lamba nike so, kwali ɗaya.