Baba fura da nono kaɗai yake sha, an ce kada a haɗa maganinsa da madara

Maman Yara, Anguwan Rogo: Assalamu alaikum. Jiya an rubuta wa mahaifina, mai shekara 67, magani biyu: artemether-lumefantrine na zazzaɓin cizon sauro, da ciprofloxacin 500mg safe da yamma. A ledar na farko an rubuta a sha da madara ko abinci mai maiƙo, a ta biyu kuma an ce ban da madara. Baba kuwa tun da ya kwanta fura da nono kaɗai ke shiga cikinsa, goro ba ya barin bakinsa, yana kuma shan mist mag don gyambon ciki. Ta yaya zan jera masa su?

Mai harhaɗa magunguna, Terminus: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba Baba lafiya. Duk rubutun biyu daidai ne. Ƙwaya ba ta aiki sai ta narke, ƙaramin hanji ya tsotse ta zuwa jini. Lumefantrine, ɗaya daga cikin sinadarai biyu da ke cikin maganin maleriyar, da ƙyar yake narkewa a ruwa, maiƙo yake so. In aka sha shi da cikin da ba komai, kaɗan ne zai shiga jini. Shi kuwa ciprofloxacin, kalshiyam ɗin da ke cikin nono kama shi yake yi su dunƙule, hanji ya kasa tsotsa, a zubar da shi a bayan gida. Magnesiyam na mist mag ya ma fi nono ɗaure shi, haka ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe.

Ƙa'idar ita ce a sha ciprofloxacin awa 2 kafin waɗannan, ko awa 6 bayansu. Ki ba shi ƙarfe 6 na safe da ruwa zalla, cikakken kofi. Ƙarfe 8 ya sha furarsa da maganin maleriya. Daga 12 na rana babu nono, babu mist mag. Kunu ko ɗan tuwo ba laifi. Ƙarfe 6 na yamma ciprofloxacin, 8 na dare fura da maganin maleriya.

Nas, Farin Gada: In ƙara a kan na Malam. Maganin maleriyar sau 6 ake sha cikin kwana 3, na biyu awa 8 bayan na farko, sauran safe da dare. Mutane da sun ji jiki ya yi sanyi sai su ajiye, kuma nan ake kuskure. Artemether ne ke saurin karya zazzaɓi, amma cikin kamar awa 2 rabinsa ya bar jini. Lumefantrine shi ke kwana da kwanaki yana share ragowar ƙwayoyin cutar, kuma sai an cika shan nan 6 yake taruwa yadda ya kamata. In ya yi amai cikin awa 1 da sha, a sake ba shi, sannan a sayo cikon wanda ya zube.

Likita, Bukuru: Goron nan kada a raina shi. Hanta ce ke rusa kafeyin, sinadarin da ke cikin goro mai hana barci, ciprofloxacin kuma yana danne sinadarin hantar da ke wannan aikin. Goro ɗaya da Baba ya saba sai ya daɗe a jini, ya hana shi barci, gabansa ya riƙa bugawa. Ki lallaɓa shi ya rage, har da shayi mai kauri. Na san raba dattijo da goro ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai fita. Mafi yawan ciprofloxacin ta ƙoda yake barin jiki, ƙodar mai shekara 67 kuwa ba ta yaro ba ce. In yana da ciwon ƙoda, suga ko hawan jini, a gaya wa wanda ya rubuta, ƙila ya rage adadi.

Abin da ya fi damuna, Hajiya: magungunan nan biyu kowanne yana iya taɓa tsarin bugun zuciya, ana kuma kaffa-kaffa da haɗa su. Ki koma yau da ledojin a hannu, ki tambaya ko an san tare yake shan su, musamman in yana da ciwon zuciya ko yana shan maganin sa fitsari. Jiri mai tsanani, suma, ko ciwo a jijiyar bayan diddige, a tsayar da ciprofloxacin a kai shi asibiti nan take.

Maman Yara: Na gode, Allah Ya saka. Maganin sa fitsari kam yana sha kullum da safe, ban ma kawo shi a lissafi ba. Yanzu zan ɗauki ledojin duka in koma.