Wane layi zan ɗora shagon POS a kai a ƙauyenmu?

Autan Inna:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema kafin Alhamis mai zuwa. Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari, an ɗan ratse daga bakin titi. Na sayar da riɗin da na noma bana, na haɗa da kuɗin tumaki biyu, zan buɗe ɗan shagon POS da cajin waya. Abin da ya rage a hannuna rauta ɗaya zai saya da datar wata guda, ba zai kai biyu ba. Kira yana shiga garinmu a MTN da Airtel duka, amma ban taɓa gwada su da harkar kuɗi ba. Ranar kasuwa, wato Alhamis, nake tsoro, lokacin da kowa ke son cire kuɗi a tare. Wanda ya taɓa wannan sana'ar a ƙauye, wanne zan ɗauka?

Ɗan Farm Centre:
MTN kawai, kada ka wahalar da kanka. A Disambar 2021 suka ci gwanjon lasisin 5G a kan dala miliyan 273.6. Wanda ya zuba wannan kuɗin ai ba wasa ya zo yi ba.

Malamin Firamare:
Ƙauye fa ya ce maka. 5G ɗin nan, na MTN da ya fara a 2022 da na Airtel da ya biyo baya a 2023, a manyan birane suke. Ƙanena, abin da ya shafe ka shi ne ƙarfen sabis ɗin da ya fi kusa da shagonka, da kuma ko 4G ne a kansa ko tsohon 2G. Shigar kira ba ta nuna data za ta yi gudu. Ka ari sim biyu, ka zauna daidai inda za ka ajiye teburinka, ka gwada da safe, da la'asar, da kuma ranar Alhamis.

Baba Mai Shago:
Yaro, saurara ka ji nawa. Ni ma haka na gwada, sabis cike, ƙarfen ma daga ƙofar shagona ana hango shi. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Wata bakwai ina aiki lafiya, har mutanen ƙauyuka uku suka daina zuwa Haɗeja cire kuɗi. Da damina ta kankama, hanya ta yanke, motar da ke kawo wa janaretan ƙarfen man gas ta kasa shigowa. Kwana goma sha ɗaya ba sabis. Ranar da zai ɗauke, wani dattijo ya zo cire kuɗin taki, na saka katinsa, na'ura ta yi ta juyawa ta ce bai yi ba. Ya hau babur ya tafi, yana isa inda sabis yake sai ga alat an cire masa. Ya dawo da 'ya'yansa biyu. Mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci shekara ashirin, sai ga mu a gaban mai unguwa. Kuɗinsa sun koma bayan kwana tara, amma har yau in mun haɗu gaisuwar sama-sama ce. Jarina yana cikin na'ura, ba na iya taɓa shi, ga iyali. Kullum sai na yi tafiyar kilomita goma sha biyu kafin in ga ko nawa ne a asusuna. Asarar kuɗin ban dame da ita ba kamar kallon da aka riƙa yi mini a gari.

Maman Khalifa:
Allah sarki Baba, Allah Ya mayar muku da alheri. Mu ma lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 mun ga irin wannan.

Mai Gyaran Sola:
Baba, ku yi haƙuri, amma ko layi biyu gare ku a lokacin ba lallai ku tsira ba. Yawancin ƙarafan nan ba na kamfanonin layi ba ne, na wasu ne irin su IHS, haya suke bayarwa. Sai ka ga ƙarfe ɗaya yana ɗauke da kamfani biyu ko uku, janareta ɗaya. In ya tsaya duk sun tsaya. Autan Inna, ka je wurin mai gadin ƙarfen da ke kusa da ku, ka tambaye shi layi nawa ne a kai, kuma akwai sola da batir ko gas zalla ne. Ya fi kowa a nan sani.

Ɗan Farm Centre:
Rauta dai kada ka biya sama da dubu 15, haka muke bayarwa.

Na Dutse:
Dubu 25 na sayi tawa watan jiya, a ofis ma kuwa.

Ɗan Farm Centre:
To an yi maka aski.

Na Dutse:
Tawa ta zo da data a ciki, kuma tana da batir. Taka fa? In wuta ta ɗauke sai ta mutu.

Maman Khalifa:
Ni dubu 10 ƙanena ya sayo mini, amma sim ɗin kamfani ɗaya kaɗai take karɓa. Ka tambaya kafin ka biya.

Baba Mai Shago:
Duk wanda bai taɓa kwana a garin da ba sabis ba, bai kamata ya sa baki a maganar nan ba. Kai da kake zaune a Kano, ƙarfe a gabanka ƙarfe a bayanka.

Ɗan Farm Centre:
Baba, da girmanku, amma waya ɗari nake taɓawa a sati, daga ƙauyukan nan ake kawo su. Abin da ya same ku sau ɗaya ne.

Malamin Firamare:
Sau ɗayan nan ai shi ke rufe shago.

Babarbaren Malam Madori:
Ku bar gardama, ku tambayi Fulani. Duk bishiyar da sabis ke sauka daga nan har Nijar sun san ta, har suna suka raɗa mata.

Jauro:
Ai shi ya sa kuke bin mu a baya kuna roƙon aron waya.

Direban Maigatari:
Wasa a gefe, akwai abin da ba wanda ya faɗa. Wajenku kusa da iyaka ne. Wani lokaci waya kan saki layin gida ta kama na Nijar da kanta, kati ya tafi ba ka sani ba. Ka shiga saitin waya ka zaɓi layinka da hannu, ka kashe na atomatik. Rautar ma haka.

Maman Khalifa:
Ni abin da ya fi damuna yadda data ke ƙarewa. Giga biyu da, sai in yi sati biyu da ita ina tallan turaren wuta a WhatsApp. Yanzu kwana huɗu. Na sauya layi, duk ɗaya.

Malamin Firamare:
Farashin dai ya tashi, a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100. Amma Hajiya ki duba ko wayar tana sauke bidiyon guruf-guruf da kanta. Ki riƙa danna *323# safe da yamma ki ga abin da ya tafi. In kin kai ƙorafi ba a saurare ki ba, 622 layin hukumar ne, kyauta.

Na Dutse:
Data ma da sauƙi. Layin mahaifiyata aka rufe kan maganar NIN, layin da ta riƙe tun kafin a haifi autarmu. Sau uku ina ɗaukar ta a babur, tsohuwa mai ciwon ƙafa, kullum sai a ce yatsunta ba sa kamawa. Da wannan lambar ake turo mata kuɗin magani.

Jauro:
Namu mutanen da ke ruga rabinsu haka suka rasa layi. Kafin su dawo daga mashekari an rufe.

Autan Inna:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Gobe zan je wurin mai gadin. Amma har yanzu ban ji wanda yake POS a yankinmu ya ce ga wanda yake aiki da shi ranar Alhamis ba.

Na Dutse:
Kafin nan don Allah, wa ya san inda ake ɗaukar yatsun tsofaffi a Gumel ba tare da an kwana a layi ba?