Wai meye sirrin lambar 2,147,483,647?

Mai_Tambaya: Salam 'yan uwa, don Allah meye na musamman a lambar nan ne, ko'ina a harkar kwamfuta sai in ganta?

Malamin_Lissafi: Wa alaikumus salam. Jera 2 guda 31 ka ninka su ka cire 1, ita ce za ta fito, kuma ba abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Masanin lissafi Euler ya tabbatar da haka tun 1772, ba kalkuleta fa, wallahi abin na burge ni.

Injiniya: Ƙari a kai malam, a tsarin bit 32 (inda kwamfuta ke ajiye lamba a gurbi 32 na 0 ko 1, gurbi ɗaya na nuna ko tana ƙasa da sifili) nan ƙirge yake tsayawa, ka ƙara 1 sai ya juye ƙasa da sifili, shi ya sa ake fargabar 19 ga Janairu 2038, daƙiƙun da kwamfutoci ke ƙirgawa tun 1970 ranar za su cika ta.

Mai_Tambaya: Ikon Allah! To mafita fa?

Injiniya: Komawa bit 64, yawancin na'urori ma sun koma.