Fada Hidalgo na Meksiko: me ya karya rundunarsa duk da yawanta?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum, malamai. Don Allah a warware mini wannan. Miguel Hidalgo, limamin Katolika da ya yi wa Sifaniyawa bore a Meksiko a 1810, an ce mutanensa sun kai 80,000 a ƙofar babban birni. To yaya aka yi ko shekara ba a rufa ba aka harbe shi?

Malam Isa:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sai kin fara sanin su wane ne wannan taron. Hidalgo ya zama limamin garin Dolores a 1803, bayan ya shugabanci kwalejin San Nicolás ta birnin Valladolid na Meksiko. A Dolores ya koya wa talakawa ginin tukwane, jima, kiwon zuma da noman inabi, ga shi yana jin harsunan 'yan ƙasa, wato ƙabilun asalin Meksiko. Lokacin da fari ya kashe masara a yankin Bajío a 1809, tsada ta yi tsanani, jama'a sun riga sun kai bango.

Boren kuwa bai nuna ba aka tsinke shi. Asirin masu shiri a Querétaro ya tonu, Josefa Ortiz de Domínguez, ɗaya daga cikinsu, ta aika da gargaɗi, sai da asubar 16 ga Satumba 1810 Hidalgo ya sa aka kaɗa ƙararrawar coci ya kira mutane su tashi. Manoma da 'yan haƙar azurfa ne suka amsa, da adda, mashi, majajjawa da sanda. Masu bindiga da horon soja 'yan kaɗan ne, na Kyaftin Ignacio Allende. Babu albashi, babu tsarin ciyarwa, sai abin da aka kwasa a hanya.

Baba Tanko:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ni a Guanajuato nake ganin ɓarakar. Ranar 28 ga Satumba Sifaniyawa suka shige rumbun hatsin birnin, Alhóndiga de Granaditas, gini ne na dutse, suka kulle da iyalansu da dukiyarsu. Aka cinna wa ƙofar wuta, aka kutsa, aka kashe ɗaruruwa, aka shiga wasoso a gari. Abin takaici ne ƙwarai. Jikokin Sifaniyawa haifaffun Meksiko, masu kuɗi da hafsoshi, waɗanda da su aka ƙulla shirin, sai suka ja da baya suka koma bayan sarauta. Cocin ma ta kori Hidalgo.

Sai kuma 30 ga Oktoba: ya ci yaƙin Monte de las Cruces, birnin Meksiko na gabansa, amma ya juya. Albarushi ya yi ƙasa, an yi asarar rayuka da yawa, Janar Félix Calleja na ɓangaren sarauta na tafe daga arewa. Mako guda bayan haka Calleja ya tarwatsa su a Aculco, dubbai suka koma gida.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode, Baba. Ke nan daga Aculco ya ƙare?

Malam Isa:
A'a, Hidalgo ya sake tara runduna a Guadalajara. A can ne ranar 6 ga Disamba ya ba iyayengiji kwana 10 su 'yanta bayinsu ko su fuskanci kisa, ya kuma soke harajin da ake ɗora wa 'yan ƙasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a 1810.

Gadar Calderón ce ta gama da shi, 17 ga Janairu 1811. Calleja na da sojoji wajen 6,000 kawai, amma horarru. An yi ta gwabzawa sa'o'i, har harsashin igwa ya faɗa kan amalanken albarushin 'yan bore. Ya fashe, busasshiyar ciyawa ta kama, iska ta kora hayaƙi da wuta a fuskarsu. Taron da bai san yadda ake ja da baya cikin sahu ba, da ya firgita sai gudu. Allende da hafsoshi suka karɓe jagoranci daga hannun Hidalgo, suka nufi Amurka neman makamai. Ignacio Elizondo, wani hafsa na ɓangaren sarauta, ya yi musu kwanton ɓauna a rijiyoyin Baján ranar 21 ga Maris, ya kama su rukuni-rukuni yayin da suke isowa da ƙishirwa. A Chihuahua aka tuɓe wa Hidalgo rigar limanci, aka harbe shi ranar 30 ga Yuli 1811. Kansa da na Allende da na wasu jagororin boren biyu, Aldama da Jiménez, aka rataye cikin kejin ƙarfe a kusurwoyi huɗu na rumbun Guanajuato har 1821.

Baba Tanko:
Ki bibiyi José María Morelos, shi ma limami, wanda Hidalgo ya tura kudu. Ƙaramar runduna mai horo ya riƙe, ya jure har 1815.