Telemedicine da Hausa, me za mu ce?

Jama'a ku taimaka min, fassara aka ba ni ta wata takardar wayar da kai kan lafiya, na zo kan kalmar telemedicine na tsaya cak. Ma'anar na gane ta, likita ya duba mara lafiya ba tare da sun haɗu ido da ido ba, ko ta kira ko ta bidiyo, amma a zuba ta a Hausa a taƙaice ne ya gagare ni. Da na buɗe ƙamus sai na ga ashe dangi ne guda, telephone, telegraph, television, telescope, duk tele ɗin nan daga Girkanci ta fito kuma nesa take nufi. Phone sauti, graph rubutu, scope dubawa. To su na da ya suka yi da su?

— Malam ai su ba su wahalar da kansu ba, tanƙwara kalmar suka yi ta zauna a baki. Telegraph ta koma tangaraho, telephone tarho, television talabijin, mu nan Damagaram ma tele kawai muke cewa saboda Faransanci. Ka ce telemedisin ka wuce wurin.

— A'a yallaɓai, talabijin ta zauna ne don mutane sun ga akwatin da idonsu, tun 1962 ake kallonta a Kaduna. Telemedisin fa wa zai nuna wa kakata shi ta gane? Ai ko telescope ba a ara ba, madubin hangen nesa aka ce.

— To tela mai ɗinki fa, shi ma daga nesa yake aunawa? Don na wajenmu in ya yi maka wando sai ka rantse bai taɓa ganinka ba.

— Kai dai Allah ya shirye ka, wannan daga tailor ne.

— Ni a ganina asibitin tafi-da-gidanka.

— Wannan ai mota ce ake lodawa magani da ma'aikata a shiga ƙauye, kamar yadda ake cewa kotun tafi-da-gidanka. Nan kuwa ba mai motsawa, likita na ofishinsa kai kana kan tabarmarka.

— Likitan waya, gajere kuma kowa zai riƙe.

— Yaya in ka rubuta haka wallahi Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, za a nufa da fasasshen sikirin, yaran da ke gyaran waya a can tuni suka riga ka wannan sunan.

Na yi dariya sosai amma maganar waya ɗin nan ita ta tsaya min a rai. Ita kanta daga wire aka samo ta, zaren ƙarfen da aka ja kan turaku, da can in an ce an buga wa mutum waya saƙon tangaraho ake nufi, aka zo aka ce wayar iska, yau ga ta a aljihu babu zare ko ɗaya kuma har yanzu waya muke ce mata. Kenan aikin da tele ke yi a Turanci mu waya ce ke yi mana shi tuntuni, ba sai mun jawo nesa ba. Na rubuta ganin likita ta waya. Na karanta wa Hajiyarmu ban yi mata bayanin komai ba, ta ce to shi ma sai an yanki kati?